Yadda za ka kashe rurin fayif, tanki da salansa a gida ba sai ka sayi sabon inji ba

Jama'a duk mai rijiyar burtsatse gida, ko janareta, ko injin ban ruwa can fadama, ya san wanga rurin da ke shiga har cikin ƙashin kai, balle watan Afrilu da Mayu nan Sakkwato lokacin da zafi ke koro kowa tsakar gida da tabarma, a tada inji da dare a cika tanki sai gida gaba ɗaya shi ɗauka, maƙwabci shina ta gyaran murya ta bayan katanga. Abin da mutane sunka saba shi ne su ɗora ma inji laifi, a kira makanike a kwance a ɗaure a sake boris, a biya kuɗi, gobe ƙara tana nan inda take. Ni abin da nike son ka gane tun farko, galibi ba injin ke yin ƙarar da ke hana ka barci ba. Shi girgiza shike badawa, fayif shi ɗauke ta shi kai ma tanki ko bango ko kwanon rufi, su ne ke maida ta ƙara. In ka raba su da juna ka gama rabin aiki.

Fayif, duro, tankin ƙarfe, salansa, jikin sumo, wato famfon da ake nutsawa cikin rijiya, duk sura ɗaya gare su, zagayayyen gwangwani mai siririn jiki, iska ko ruwa na kewaye da shi. Masu ƙera jirgin ruwa mai nutso da masu shimfiɗa bututun gas da masu jirgin sama sun daɗe suna lissafin yadda irin wagga sura ke sakin sauti in tana rawa, don su ga mai jirgin nutso ƙara kaɗan na iya tona asirinshi ga abokin gaba. Mu ba yaƙi muke ba, barci muke nema, amma lissafin guda ne.

Siririn fayif shi kaɗai rago ne wajen yin ƙara, wannan shi ne abu na farko. Ka ɗauka fayif ya motsa dama, ya turo iskan da ke damanshi, a lokaci guda ya bar gurbi a hagunshi, to iskan nan ba ta tsayawa a matse ta, sai ta zagaye fayif ɗin ta koma ta cike gurbin, shi ke nan babu wani sauti na kirki da zai tafi nesa. Wani masani ɗan ƙasar Ayalan da ya yi aikinshi a Kambirij, George Stokes, shi ya yi bayanin wanga abu tun 1868. Kai ma ka san shi ba tare da ka je makaranta ba, ka cire tsirkiyar goge daga kan ƙwaryar ka ɗaure ta tsakanin ƙusa biyu ka goga, da ƙyar na kusa da kai zai ji, amma ka maida ta bisa ƙwarya da fata a ji ka har bakin titi. Fayif ɗinka tsirkiya ne, tanki da kwano su ne ƙwarya.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da zai nuna maka wane ne rago wane ne gwani a cikin kayanka. Sauti a iska shina tafiyar mita 343 a sakan ɗaya in sanyi na digiri 20, da zafinmu na digiri 40 kuwa shina kai 355, to mu riƙe 350 don sauƙi. Ka samu tef na tela ka zagaya jikin abin ka auna, ka raba 350 da abin da ka samu a mita. Amsar ita ce yawan kaɗawa a sakan, wato Hz ɗin nan da za ka gani a waya, wanda daga shi zuwa sama abin ke fara sakin ƙara sosai, ƙasa da shi kuwa yawancin motsinshi a banza shike tafiya. Fayif inci 1 kewayenshi wajen santimita 10 da ɗan kai, amsa ta haura 3,000. Inci 2 kewaye santimita 19, amsa wajen 1,800. Duro mai lita 200 kewaye mita 1.8, ka ga ya faɗo wajen 190. Tankin da faɗinshi mita ɗaya da rabi kuwa, kewaye mita 4.7, wajen 75 kacal. Dalili shi ne sai kewayen abu ya kai tsawon zangon sautin kafin iska ta kasa zagayewa, kuma sauti mai kauri dogon zango gare shi, na 50 Hz ya kai mita 7.

To yanzu dubi abin da injinka ke bayarwa. Motar famfo ta wutar gida tana juyi wajen 2,900 a minti, wato 48 a sakan. Ƙugin wuta kanshi 100 ne a sakan, ninki biyu na kaɗawar wutarmu da take 50. In farfelar cikin famfo tana da fuka-fukai 6 sai ka ninka 48 sau 6 ka samu wajen 290. Ƙaramin janareta na fetur 3,000 shike juyawa a minti, wato 50 a sakan, manyan na dizal 1,500, wato 25 a sakan. Duk waɗannan lambobi na sakan suna can ƙasa da 1,800 nesa, ma'ana fayif ɗinka ba shi iya maida su ƙara, amma tanki da duro da bango da rufi suna iyawa hankali kwance. Shi ya sa mutum zai naɗe fayif da tsumma tun daga ƙasa har sama ya ce bai ga canji ba, ai ba can matsalar take ba.

Kafin ka sayi komi, bincike. Ka tada inji, ka ɗauki doguwar sukudireba mai mariƙin roba ko katako, ka dafa bakinta ga abin da kake zargi, mariƙin ka danna ga ƙashin da ke gaban kunnenka, za ka ji abin da ke gudana cikin ƙarfen tar. Fara daga jikin famfo, ka bi fayif, duk inda anka ɗaure shi da kilif ka saurara ga kilif ɗin sannan ka saurara ga bangon ko ƙafar tanki da ke kusa. In ƙugin da ke cikin fayif kusan shi ne ke cikin bango, to ga ɓarauniyar hanya nan ka sa mata alli. Don Allah a kula, a tuɓe babbar riga da rawani kafin a matsa kusa da bel ko fanka, kar a taɓa salansa da hannu, kuma in inji shina ɗan jan mutum to a kira mai wuta tukuna, wurin ruwa ne ba wasa.

Sannan gwajin tafin hannu. Ka sa yaro shi tsaya inda ƙara ta fi damunku, misali ƙofar ɗakin barci, kai kuma ka danna tafin hannunka biyu ga jikin tanki, ko kwanon rumfar da anka yi ma inji, ko ƙofar ƙarfe ta ɗakin janareta. In ya ce ta ragu to ka kama mai laifi. Na taɓa tsayawa wani gida wajen Mabera ana ta zagin famfo, ashe fayif ne ya bi ta ƙarƙashin kwanon rumfa ya ɗan taɓa shi wuri guda, taɓin da bai wuce faɗin farce ba har wurin ya yi ƙyalli saboda goguwa, maigidan ya sa yatsa ya ɗaga kwanon kaɗan sai wuri ya yi tsit ana jin ruwa na gudu cikin fayif, ya saki ruri ya dawo. Guntun robar tif anka cusa tsakani aka wuce wurin.

In kana da waya babba ka sauko da manhajar auna ƙara, akwai su kyauta. Kar ka yarda da lambarta kamar ta asibiti, amma tana da amfani in ka auna wuri guda kafin gyara da bayan gyara, don haka ka zana alama ƙasa inda ka tsaya. Lambar da take nunawa desibel ce, ma'aunin ƙarfin ƙara, ka riƙe cewa ragin desibel 3 da ƙyar kunne ke gane shi duk da rabin ƙarfin sautin ne ya tafi, sai ya kai 10 sannan za ka ji kamar ƙara ta ragu da rabi. Wasu manhajojin suna zana maka tsinin kowace murya. Tsini wajen 48 ko 50 juyin inji ne, wataƙila farfela ta ci ko shaf ya karkace, 100 wuta ce, wajen ɗari biyu zuwa uku farfela ce ke sarar ruwa, in kuwa shuuu ne ko'ina ba tsini to ruwa ke gudu fiye da kima ko an matse bawul.

Gyara na farko, kuma shi ya fi komi, a yanke hanya. Tsakanin famfo da fayif na ƙarfe ko na roba mai tauri a sa mesa, wajen rabin mita ko fiye, kuma kar a ɗaure ta a miƙe tsam, a bar ta ta yi lanƙwasa ko gwiwa, don mesa miƙaƙƙa in ruwa ya matse ta tauri take yi ta koma kusan fayif. Gefen zuƙo ruwa a sa mai waya ciki kar ta shaƙe. Duk kilif da ke riƙe fayif ga bango ko ƙafar tanki a kwance shi a naɗa ma fayif robar tif ninki biyu ko uku sannan a maida, kar a ɗaure har robar ta mutu. Inda fayif ya ratsa bango, masu gini sun saba cike wurin da siminti, to nan ne gida ke zama lasifika, a fasa a sa guntun fayif mafi faɗi a matsayin hannun riga, tsakaninsu a cusa roba ko soso. Mai gyaran famfo zai ce ma ranka shi daɗe wanga ai ɓata lokaci ne, ka ce mai ka ji, shi yi dai.

Ƙafar inji kuma nan ne mutane ke yin abu da niyya mai kyau ya koma sharri. Za ka ga an yanko ƙaton falle na tsohuwar taya an shimfiɗa ƙarƙashin inji, a ce an sa roba. Robar da ba ta lotsa ba ba ta yi komi ba. Ƙa'idar ita ce gwargwadon yadda roba ta lotsa ƙarƙashin nauyi, gwargwadon yadda take tare girgiza. In ta lotsa milimita 2 zuwa 3, inji shina lilo bisanta wajen sau 10 a sakan, can ƙasa da 48, to mafi yawan girgiza ba ta kai ƙasa. In kuwa lotsawar kashi ɗaya cikin goma na milimita ce, lilon ya faɗa daidai wajen 50, daidai juyin injin, sai abin ya ƙaru maimakon raguwa. Don haka ƙanana ƙananan guntaye huɗu masu taushi ƙarƙashin kusurwoyi sun fi babban falle ɗaya, roba tana son wurin da za ta bulluƙo gefe. Robar kujerar injin mota ko ta babur da ake samu wajen masu kayan gyara ta fi, an yi ta don wannan. In famfon ƙarami ne marar nauyi, ka ɗaure shi bisa dakalin kankare ɗan madaidaici, dakalin ne za ka ɗora kan roba. Kuma a duba noti, in ƙarfen noti ya ratsa roba ya taɓa ƙafar inji sama ya taɓa ƙasa, to girgiza ta samu gada, sai an sa zoben roba ƙarƙashin kan notin da guntun mesa a jikinshi.

Yanzu ruwa, wanda nan ne abin ke da daɗi, kuma ina so ka gwada da hannunka. Samu duro babu komi ciki, ƙwanƙwasa gefenshi da cokali, ka ji yadda shike amsawa gwarrr shi daɗe. Fara zuba ruwa kana ƙwanƙwasawa, murya na ta yin ƙasa, in ya cika sai dai ka ji dum gajere. Duron kanshi kilo 15 zuwa 20 ne, ruwan ciki kilo 200, kuma jikin duro ba shi iya motsi sai ya ture ruwan da ke manne da shi, ruwa kuwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Wannan shi ya sa direban tanka ke ƙwanƙwasa jikin tanki shi gane inda ruwa ya tsaya, kuma shi ya sa ruri ya fi yawa farkon cika tanki, sai shi lafa in ruwa ya hau. Haka abin shike in ruwan waje shike. Fayif da ke kaɗawa gefe da gefe cikin ruwa kamar an ƙara mai nauyi ne daidai nauyin ruwan da ya ture, ka ɗauki guntun fayif ka rataya da zare ka buga shi a iska, sannan ka nutsa shi cikin duron ka sake bugawa, muryar ta sauka kuma ta mutu nan take.

Amma kar ka ɗauka sautin ɓacewa ya yi. Sa kunnenka ga jikin duron wani shi buga fayif ɗin cikin ruwa, za ka ji ƙwas mai kaifi har ka zabura. Ƙarfe da ruwa sun fi jituwa bisa ƙarfe da iska, sautin shina fita daga fayif shi shiga ruwa da sauri, shi ya sa fayif ɗin ke saurin yin shiru. Cikin ruwa sauti shina gudun wajen mita 1,480 a sakan, ya ninka na iska sau huɗu da ɗoriya, tun 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, sunka auna shi a tafkin Janiba da ƙararrawa da sunka nutsa cikin ruwa, sunka samu 1,435 don ruwan da sanyi. Abin mamakin shi ne in sautin ya zo fuskar ruwa zai fita iska, wajen kashi ɗaya cikin dubu kawai ke wucewa, sauran shi koma ciki. Ka ga ke nan sumo da ke can ƙasan rijiya ba ta cikin ruwa ƙararshi ke fitowa ba, fuskar ruwa ta rufe ta. Ta jikin fayif ɗin da ya hauro take zuwa, ta bi murfin rijiya, ta bi hasumiyar tanki. Mesa guda bayan bakin rijiya kafin fayif shi kama ƙafar hasumiya, tana yin abin da naɗe-naɗe ba su yi. Su masu jirgin nutso tunda ruwan da kanshi shi ne mai kai gulma, dole sunka bi ta wata hanya, injuna bisa roba daga ciki, waje kuma a lulluɓe jirgi da fallayen roba, Jamusawa sun fara gwada wannan lulluɓin tun yaƙin duniya na biyu.

Wata ƙarar kuma ba ta inji ba ce sam, ruwa ne ke faɗowa daga bakin fayif shina dukan gindin tanki ko fuskar ruwa. Maganinta a ƙara ma fayif ɗin shiga tsawo daga cikin tanki shi sauka kusa da gindi, ruwa shi riƙa fita ƙarƙashin ruwa. Amma a huda ɗan rami can sama daga cikin tankin sama da inda ruwa ke tsayawa, in ba haka ba ana kashe inji fayif zai zuƙe ruwan shi maida rijiya, safiya ta yi a ga tanki wayam.

In ka ji famfo shina ƙarar tsakuwa ciki alhali ba tsakuwa, ruwa ne bai isa bakinshi ba, kumfa ke tashi tana fashewa bisa farfela, wanga yana cin ƙarfe ba ƙara kaɗai ba. Masu ban ruwa wajen Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo sun san shi in rani ya yi nisa ruwa ya ja ƙasa. A sauko da inji kusa da ruwa, a share matacin bakin mesa, mesar zuƙowa kar ta fi bakin famfo ƙanƙanta. In kuwa gwam kake ji cikin bango duk lokacin da anka rufe kan famfo da sauri, nauyin ruwa ne mai gudu anka tare farat ɗaya, wani masani ɗan Rasha, Joukowsky, ya auna wannan a bututun ruwan Mosko ya fitar da lissafin a 1898, ruwa mai gudun mita 1 a sakan in an tsaida shi nan take cikin fayif na ƙarfe matsin na iya ƙaruwa da fiye da bar 10, wato ninki 10 na matsin iskar da ke kewaye da mu. A riƙa rufewa a hankali, kuma fayif shi yi faɗin da gudun ruwa ba zai wuce mita 2 a sakan ba.

Sai bayan ka yanke hanya sannan ka waiwayi jikin tanki ko akwatin inji in har shina amsawa. Abin da ake so a nan abu mai danƙo da ke shanye rawar ƙarfe, kamar tef ɗin kwalta da ake like yoyon kwano da shi. Ba sai ka rufe ko'ina ba, ka like tsakiyar wuraren da sunka fi faɗi da laushi, waɗanda in ka ƙwanƙwasa sun fi daɗewa suna amsawa, daga waje ba ciki ba tunda ruwan sha ne. Da ranarmu kwalta na narkewa ta zame, to a shafa ma tanki farin fenti ko a yi mai inuwa. Tankin roba dama ba shi da wanga ciwon sosai, jikinshi da kanshi shina kashe rawa.

Ga wani abu da masu walda ba su so su ji. In ka kai musu akwati ko tanki mai ƙara, abin da za su ce shi ne a ƙara mai ƙarfe a gicciya shi yi tauri. Wani lokaci yana taimako in lanƙwasa ce ta yi yawa, amma sau da yawa ƙara ƙaruwa take. Siririn falle in shina rawa, wani wuri na turowa wani na ja baya kusa da kusa, iska na zirga-zirga tsakaninsu suna kashe juna, sai gefuna kawai ke sakin sauti, to kowane ƙarfe da ka gicciya ka ƙirƙiro sabon gefe ne. Kauri ma haka, fallen ƙarfe mai milimita 1 sai wajen 12,000 Hz shike zama cikakken gwanin sakin ƙara a iska, mai milimita 3 wajen 4,000, mai 6 wajen 2,000. Kauri dai yana da amfani don nauyi na hana motsi, ninka nauyi na tare desibel 5 zuwa 6 na ƙarar da ke son ratsawa, amma tauri ba tare da abin shanye rawa ba, kuɗi ne kake ba mai walda shi ƙera ma ganga.

Naɗe fayif kuwa sai in ƙarar siririya ce mai tsiii ko shuuu, irin wadda fayif ke iya saki. Kuma soso kaɗai ba shi yi. Ana sa abu mai taushi ciki, audugar gilas ko ta dutse irin ta masu aikin sanyi, kauri wajen santimita 5, sannan a rufe da abu mai nauyi marar huji, kwano ko roba mai kauri, kuma rufin wajen kar shi taɓa fayif ko'ina, in ya taɓa ka ƙara ma fayif faɗi ne kawai ka maida rago gwani.

Salansar janareta tana da nata hukunci. In za a ƙara mata tsawo a fitar da hayaƙi waje, ka tsaya kai da fata mai walda shi yi da zagayayyen fayif, ba akwatin kwano mai kusurwa huɗu ba. Zagayayye in matsi ya taso daga ciki ba shi da inda zai lanƙwashe, dole sai dai jikinshi gaba ɗaya shi buɗe shi tsuke, ƙarfe kuwa ba shi son haka. Inda shike yarda da wannan numfashin shi ne in kewayenshi ya yi daidai da zangon sauti cikin ƙarfen kanshi, sauti a fallen ƙarfe wajen mita 5,400 a sakan, ka raba da kewaye, duro wajen 3,000 Hz, fayif inci 4 wajen 15,000, inci 2 ya haura 28,000 alhali kunnen ɗan Adam 20,000 shike tsayawa. Wato ƙugin inji mai kauri zagayayyen fayif na riƙe shi ciki da kyau, mai kusurwa kuwa kowane gefe faffaɗa ne shina kaɗawa. Fayif da ya lotse ko anka bubbuge shi da guduma wajen lanƙwasa ya rasa wani ɓangare na wagga fa'ida, a sa gwiwa ta gaske. Maƙera da masu walda garin nan tun daga Maƙera Asada har sauran unguwanni sun iya, kai dai ka san abin da za ka ce a yi ma.

Ƙarin kar shi fi bakin salansa ƙanƙanta, gwamma shi ɗan fi faɗi, lanƙwasa kaɗan, in ba haka ba inji zai shaƙe shi yi zafi shi sha mai. Tsakanin inji da ƙarin a sa guntun fayif na ƙarfe mai lanƙwasuwa irin na salansar mota, kar a walde shi kai tsaye ga bango ko taga. Nan ba roba ba soso ba kwalta, zafin na kai ɗaruruwan digiri, audugar dutse kawai. Bakin shi kalli fili, ba bangon maƙwabci ba ba lungu ba.

Masu tsoma bakin salansa cikin bokitin ruwa kuwa, na san ƙara na raguwa, amma ban ba kowa shawara ba. Ruwa na ƙara matsi ga inji, in an kashe ya huce shina iya zuƙo ruwa baya har cikin silinda, kuma mafi muni mutane na ɗauka ruwan ya wanke hayaƙin. Bai wanke ba, gubar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari kuma ruwa ba shi riƙe ta, ita ce ke kashe iyali gaba ɗaya cikin barci. Duk dabarar da za ka yi ta rage ƙara, janareta waje shike zama nesa da taga, akwatin da ka yi mai shi samu mashigar iska da mafita. Wanda kuma aikinshi ke sa shi wuni kusa da inji, mai niƙa ko mai ban ruwa, in ƙara ta kai desibel 85 na awa 8 kunne na lalacewa a hankali kuma ba shi dawowa, alamar ita ce sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai shi ji, to a sa abin toshe kunne.

Ka riƙa yin gyaran ɗaya bayan ɗaya kana komawa kan alamarka kana aunawa, don in ka yi su gaba ɗaya ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Robar tif kuma rana na cinye ta ta tsage, duk bayan damina ka bi kilif-kilif da sukudirebarka ka sake wadda ta mutu.